Azurfar da ba ta da sunan sarki

Ranar Alhamis da ta wuce na kai zoben uwargida maƙerar Kawu a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, don ya tsage daidai inda aka taɓa liƙe shi. Na iske tsohon zaune bisa buzunsa, tabarau a bakin hanci, yana juya wani liyari a tafin hannu. Wata dattijuwa ce ta kawo shi, gadon uwarta ne, za ta aurar da jika tana so a fid da awarwaro da ƴan kunne daga cikinsa. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa riƙe liyari ba. Shi ne babban sulen azurfar nan mai hoton Baturiya, Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wanda fatake suka dinga shigowa da shi ta hamada. Kowanne ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa, shekarar da ta mutu, ko da kuwa an buga shi shekara ɗari bayan haka.

Kawu ko kallon hoton bai yi ba. Ya saki liyarin bisa uwar maƙera, ya karkata kunne ya saurari ƙararsa har ta mutu, sannan ya ɗora shi a sikeli. Giram 28 ne cikakken nauyinsa. Wannan ya ɗan gaza, saboda an huda shi an rataya a wuya shekara da shekaru.

Na ce, "Kawu, kun san matar nan ta fi shekara 240 a kabari?"

Ya ce, "Mushe, ina ruwana da ita? Azurfarta dai ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Mushe, wato monsieur na Faransanci, yake ce mini tun ranar da na fara koyarwa, kuma har yau da ɗan ba'a a ciki.

Maganar tasa ce ta sa na gyara zama na ciro waya. Akwai wasu hotuna da na tara tun bara, sanadiyyar wata ɗaliba. Ina ba su darasin faɗuwar Bagadaza a hannun Hulaku a 1258, yadda aka kashe Halifa Musta'asim, sai ta ɗaga hannu ta ce, to da aka kashe halifa sunan wa aka koma rubutawa a jikin kuɗi? Na ce mata sai gobe. Goben nan ta kai ni shafukan masu gwanjon tsofaffin sulalla a intanet, inda na ƙona kuɗin data fiye da yadda zan faɗa a gida. Amsar tambayarta ba ta da tsawo: sunan babban sarkin Mongol, Mongke, da na ƙanensa Hulaku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ɗaya fuskar dirhamin kalmar shahada tana nan daram. Mutumin da ba Musulmi ba, wanda ya sa aka kashe halifa, ya bar La'ilaha illallahu a kuɗinsa, don ya san da ita kasuwa ta saba.

A ƙasashen Musulmi na wancan zamani abu biyu ke nuna wane ne sarki. A ambaci sunanka bisa mumbari ranar Juma'a, a kuma buga shi a jikin kuɗi. Huɗuba da sikka, haka masu tarihi ke haɗa su kullum. Huɗuba iska ke ɗauke ta, liman yana iya ambatonka wannan Juma'a ya ambaci wani a ta gaba. Sikka kuwa tana shiga aljihun kowa, ta bi ayari har gaban wanda ka yi wa tawaye, da sunan garin da aka buga ta da shekarar hijira. Wanda ya buga sunansa a azurfa ya rubuta shaidar da za a kashe shi da ita, ya kuma raba wa jama'a.

Hoton farko da na nuna wa Kawu na Konya ne, a Turkiyya ta yau. Sarakunan Saljuƙ na can sun zama talakawan Mongol tun da aka karya su a 1243. A 1277 Sarkin Masar Baibars ya hauro ya fatattaki rundunar Mongol a Elbistan, ƙasa ta rikice, Turkawan Karaman suka shiga Konya da wani mutum suka ce ɗan sarki ne, Alauddin Siyawush. Abokan gabansa ba su taɓa kiransa da wannan suna ba, Jimri suke ce masa, laƙabin wulaƙanci. Makonni kaɗan ya yi a kan gado, amma a cikinsu aka buga masa dirhami, irin na Saljuƙ sak, don duk abin da yake son faɗa shi ne jinin gidan yana jikinsa. Da aka kama shi feɗe shi aka yi. Littattafan da suka ba da labarinsa maƙiyansa suka rubuta su. Dirhamin nan kaɗai ke kiransa da sunan da ya zaɓa.

Kawu ya karɓi wayar ya nesanta ta da idonsa. Ya ce, "Mai sassaƙa hatimin nan gwani ne. Ba sabon hannu ba ne."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Dirhami ba zuba shi ake yi ba, buga shi ake yi: a yanki azurfa a auna, a sa ta tsakanin ƙarafa biyu da aka sassaƙa wa rubutu a juye, a sauke guduma. Rubutun Larabci a juye cikin ƙarfe, da girman da bai wuce farcen babban yatsa ba, ba aikin da mayaƙi zai koya cikin mako ba ne. Ashe ɗan tawaye in ya ci gari, maƙeran da suka yi wa sarkin jiya aiki su zai kira. Kawu ya ce haka abin yake ko a nan, sarauta ta sauya hannu sau nawa, gidan maƙera yana inda yake.

Na wuce labarin Timurtash da sauri, gwamnan Mongol na wancan yanki na Turkiyya da ya yi bore a 1322 har ya ce shi ne Mahadi, masu tarihi suka ce ya sa an yi huɗuba da sikka da sunansa. Ubansa Chuban ne da kansa ya je ya kamo shi. Ƙarshensa Masar ya gudu, can aka kashe shi a 1328.

Inda nake son mu kai shi ne bayan 1335. A shekarar Abu Sa'id, sarkin Mongol na Farisa da Iraƙi, ya mutu bai bar ɗa ba. Bango ya tsage. Manyan sarakunan yaƙi kowa na da dawaki da takubba, amma akwai abin da ba su da shi, jinin Jangiz Kan, kuma a al'adar Mongol in ba ka da shi ba ka zama Kan. Sai kowannensu ya shiga neman wani daga zuriyar da zai ɗora bisa gado ya yi mulki ta bayansa. Akwai Hasan biyu masu gaba da juna, Babban Hasan da Ƙaramin Hasan, kuma haka ake kiransu a littattafai, ba ni na raɗa musu ba. Kowa da nasa sarkin je-ka-na-yi-ka. Ƙaramin Hasan, da ya rasa namiji a kusa, ya ɗora ƴar'uwar marigayin, Sati Beg, aka buga dirhami da sunanta, har wasu da laƙabin sultan irin na maza. Ba ta cika shekara ba ya sauke ta ya aurar da ita ga wani Sulaiman, aka koma buga sunan Sulaiman. Mutanen nan su ne masu ƙasa, su ke yanka su ke raba, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin sa sunansa. Ko Taimur Gurgu, da duk abin da ya yi wa duniya daga baya, bai kira kansa Kan ba, ya ajiye nasa ɗan sarkin yana buga sunansa tare da nasa.

Cikin wannan hargitsi mutanen Sabzawar suka tashi. Garin yana Kurasan, gabashin Iran. Malamanmu sun san yankin ba su sani ba: shi ne Baihaƙ, inda Imam Baihaƙi ya fito, kuma Naisabur ta Imam Muslim tana maƙwabtaka da shi. A 1337 aka yi kisa a wani ƙauye mai suna Bashtin. Wata ruwaya ta ce manzannin gwamnati ne suka sauka gidan wasu ƴan'uwa suka nemi giya, aka kawo, suka nemi mata, aka kashe su. Wata kuma ta ce jagoran, Abdurrazaƙ, ma'aikacin gwamnati ne da ya cinye kuɗin harajin da aka aike shi karɓowa, yana neman mafita. Ni dai na ɗauki duka biyun, don na ga yadda haushin talaka da matsalar babban mutum suke haɗuwa a hanya. Suka ce gara kawunansu su rataya a gungume da su zauna cikin wulaƙanci. Daga nan sunansu ya fito, Sarbadar, wato kai a bisa gungumen rataya.

Ba su da jinin Jangiz Kan, ba su da jinin kowa. Masu gonaki ne, da samarin gari, da almajiran wani shehi mai suna Hasan Juri, waɗanda yawancinsu masu sana'ar hannu ne da ke jiran bayyanar Mahadi da makamai a ɗaki. Abdurrazaƙ bai daɗe ba ƙanensa Mas'ud ya kashe shi a 1338. Suka ci Naisabur. A 1342 suka gwabza da sarkin Hirat a Zawa, aka kashe shehin a fagen fama, kuma tun ranar almajiransa suke zargin Mas'ud da hannu a ciki. Daular ta kai 1381, sarakuna wajen goma sha biyu cikin shekarun da ba su kai hamsin ba, mafi yawansu nasu ne suka kashe su. Duk da haka Ibn Baɗuɗa ya ba da labarin cewa a sansaninsu dinari ko dirhami kan faɗi ƙasa ba mai ɗauka sai mai shi ya zo.

To me irin waɗannan mutane za su rubuta a kuɗi? Da fari abin kunya suka yi, in ka auna da kirarin rataya. Mas'ud ya buga azurfa da sunan Toga Timur, ɗan zuriyar Mongol da ke iƙirarin sarautar Kurasan. Da suka ɓata ya koma sunan Sulaiman, wancan mijin Sati Beg, wanda yake can nesa ba ya iya aiko da ko doki ɗaya. Dabara ce da kowane ɗan kasuwa ya sani: in dole sai ka yi ubangida, zaɓi wanda gidansa ya fi nisa. A 1353 wani shugabansu, Yahaya Karawi, ya je sansanin Toga Timur kamar mai kai caffa, suka sare shi a cikin fadarsa.

Na buɗe wa Kawu hoton da na fi so, na ce ya karanta. Ya yi allo, yana karanta Larabci a hankali. Ya bi kalmar shahada, ya bi sunayen da ke kewaye, ya gano sunan garin. Ya juya wayar kamar zai leƙa bayanta.

Ya ce, "Ina sunan sarkin?"

Na ce, "Babu."

Kuɗin da Sarbadar suka buga don kansu ba sunan ko ɗaya daga shugabanninsu. Akwai shahada, akwai gari, Sabzawar ko Damgan ko Astarabad, akwai shekara. Masu nazarin sulalla da shekarar suke gane na zamanin wane ne. Na farkon suna ɗauke da sunayen halifofi huɗu, Abubakar, Umar, Usman, Ali. Na baya, musamman zamanin Ali Mu'ayyad da ya hau wajen 1361, suna ɗauke da Aliyyun waliyyullah da imamai goma sha biyu. Shi ne wanda aka ce kullum yakan sa a ɗaura wa doki sirdi a tsayar, ko Mahadi zai bayyana. Ba zan shiga gardamar aƙida a nan ba, masu yin ta a ƙarƙashin rubutuna na baya sun ishe ni. Abin lura dai shi ne waɗanda littattafai suka yi wa lakabin ƴan Shi'a tun ranar farko sun shekara da shekaru suna buga sunan Abubakar da Umar. Wani Ba'amurke, John Masson Smith, ya fitar da littafi a kansu a 1970, kuma da sulallan nan ya gyara abubuwa da dama da marubutan fada suka faɗa.

A ganina rashin sunan ba tawali'u ba ne kawai. Sunan Mongol sun yar da shi. Nasu sunan ba zai karɓu ba, a wajen maƙwabta ko a wajen almajiran da ke cewa gadon na Mahadi ne. Kuma wanda ya ga yadda aka yi da na gabansa, da na gaban na gabansa, ba zai yi gaggawar sa maƙeri ya sassaƙa sunansa ba. Sai suka bar gurbin fayau. Ban san wata takarda da ta faɗi halin da suke ciki fiye da wannan gurbi ba.

Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya yi tambayar da na san tana zuwa. "Nauyinta nawa?"

Nan labarin ya sauya. Gazan Kan, sarkin Mongol na Farisa wanda ya musulunta a 1295, ya gyara kuɗin ƙasar gaba ɗaya: dinarin azurfa ɗaya dirhami shida, nauyinsa kusan giram 13. Ya yi haka ne bayan wani abin dariya da ya faru a Tabriz a 1294, lokacin da wani daga sarakunan da suka gabace shi, Gaihatu, da baitulmali ya bushe, ya kwaikwayi Sin ya fito da kuɗin takarda, ya ce wanda ya ƙi karɓa a kashe shi. Ƴan kasuwa suka rufe rumfuna, abinci ya ɓace a gari, cikin wata biyu aka janye. To wancan dinari na Gazan, duk sarkin da ya zo sai ya ɗan rage masa. Bayan 1335 ragin ya zama gudu. Dirhami shida na zamanin Ali Mu'ayyad giram huɗu ne da ƴan kai.

Kawu ya jawo gwangwanin da yake tara guntayen azurfa. Ya zuba a sikeli har giram 13, ya kwashe ya ajiye gefe. Ya sake auna huɗu. Ya jera su biyu a kan buzu, tsibi da ɗan tsibi. Ƙaramin bai fi nauyin ƙwandalar dala biyu ba.

Ya ce, "Sunansu ɗaya?"

Na ce, "Ɗaya. Dinari."

Ya ce, "To su masu tawayen, da suka kori azzalumai, sun mayar da nauyin?"

Na ce ba su mayar ba, sun bi abin da ake yi a kewayensu. In sun buga mai nauyi su kaɗai, ƴan canji za su kwashe su narke. Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan kam ya sani, shi ma da ya samu da ya narke.

Na so in kare su. Na ce aƙalla an shaide su da biyan ma'aikata da tsare hanya. Ya ɗaga kafaɗa. Shi a wajensa hukunci ya riga ya faɗi a sikeli, kuma na kasa cewa ya yi kuskure, ko da yake ni gurbin sunan nan ya fi ci mini rai.

Muna cikin haka na tuna masa cewa a shekarar da aka sare Toga Timur, 1353, Ibn Baɗuɗa yana ƙasarmu, a Takadda, wajen Azelik ta yankin Ingal. Ya ga ana narka jan ƙarfe ana yin sanduna, masu kauri 400 a miskalin zinariya, sirara 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen hatsi da man shanu, har da bayi. Ya ce ana kai shi Gobir da Barno. Ba sunan kowa a jikinsu. Haka Damagaram. Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa an ƙera bindigogin igwa a garin nan, ya yi ƙarfin da Kukawa, fadar Barno, take jin nauyinsa duk da gaisuwar da ake kai mata. Da a Kurasan yake, da abin da za a fara tambaya shi ne ko ya buga dirhami. Bai buga ba, ba kuma don maƙeransa sun gaza ba, wanda ya zuba igwa sule ba zai gagare shi ba. Nan ba a jikin kuɗi ake neman sarauta ba. Tambari ne, da kakaki, da wanda ake kai wa gaisuwa da wanda aka daina kai wa. Kuɗi kuwa wuri ne daga tekun da ba wanda ya taɓa gani, da liyari mai hoton matar da ba wanda ya san garinsu.

Shi ya sa nakan yi shiru a fadarmu ta shayi in gardama ta tashi kan sefa, kuɗin da muke kashewa. Tun 2023 ba maganar da ta fi ta zafi: yaushe za mu yi namu kuɗin, wane suna za a sa masa, hoton wa. Ina tare da masu son a yi. Amma sau ɗaya na tambaya ko wani ya lura da abin da ke jikin dalar da ke aljihunsa. Ba sunan shugaba ko ɗaya. Wani abu ne mai kamar kifi, kuma asalinsa ɗan ƙarfen da mutanen Akan suke auna garin zinariya da shi. Ma'auni ne. Aka ce na cika kawo abin da ba a tambaye ni ba, aka miƙo mini kofi na biyu.

Kawu ya tambaye ni ko irin na Jimri suna da yawa. Na ce kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa masu tara su suke zuba kuɗi a kansu. Wanda ya ci ɗan tawaye yakan tattara kuɗinsa ya narke ya buga nasa, saura kuma mata su kai wa maƙeri. Waɗanda suka kai zamaninmu galibi wani ne ya binne a tukunya lokacin tashin hankali bai dawo ba. Ali Mu'ayyad shi ya tsira da kansa: da Taimur ya iso a 1381 ya fita ya tarye shi ya yi mubaya'a, ya rayu har 1386 yana cikin rundunarsa. Gurbin da aka bari fayau, sunan Taimur da na sarkinsa na je-ka-na-yi-ka suka cike shi.

La'asar ta kusa, yaron da ke masa zuga ya tafi kai saƙo bai dawo ba. Kawu ya maida guntayen azurfarsa cikin gwangwani, ya ce zobena sai Asabar. Ya ɗauki liyarin dattijuwar ya sake sakinsa bisa uwar maƙera, don jin daɗin ƙarar kawai ina tsammani, ya sa shi cikin ɗan kaskon narka, ya tura cikin gawayi da awartaki.

Ya ce, "Mushe, ajiye wayar nan ka kama mini zugazugi."

Na naɗe hannun riga na zauna. Rabona da zuga tun ina firamare, hannuna ya manta, sai da ya daka mini tsawa sau biyu kafin iskar ta daidaita. Gefen da aka huda ne ya fara lanƙwashewa, sannan rubutun da ke kewaye, fuskar matar ta ɗan jima tana kallon rufin maƙera kafin ta nutse.